Gajeren Wando Ko Dogo: Wanne Ya Dace Da Mai Hawan Keke?

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, tun da bazara ta kama muke ganin masu zuwa makaranta a kan keke sun koma sa gajeren wando. Da muka tambaya sai suka ce zafi ne, kuma kaca tana cinye musu ƙafar wando. To, duka biyun gaskiya ne. Wanda ya taɓa tuƙa keke daga Gumel zuwa Maigatari ran Alhamis, ranar kasuwa, a watan Afrilu, ya san abin da ake kira gumi.

Amma ku tuna karatunmu na Ahalari: al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa. Wani zai ce ai nasa wandon ya kai gwiwa. Haka ne, in yana tsaye. Da ya hau sirdi ya fara taka feda, gwiwa ta lanƙwashe, sai wandon ya tattare ya koma sama, cinya ta fito fili, shi kuwa bai ma sani ba, yana ta gaida mutane a hanya. Yaron da bai balaga ba akwai sauƙi a kansa, sai dai abin da ya saba da shi yanzu da wuya ya bar shi in ya girma.

Ban da wannan ma, hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar rairayi ne. Dole wani wuri ka sauka ka tura, ga ƙarangiya ga ƙaya. In taya ta zame ka faɗi, gwiwar da ba ta da sutura ita ke fara kurjewa. Da hunturu kuwa ba sai an faɗa ba, ƙafa ta yi furu-furu da kaushi.

Saura maganar kaca. A ɓangaren dama take, saboda haka ƙafar dama kaɗai ke cikin hatsari. A naɗe ta sau biyu zuwa ƙwauri, ko a ɗaure da roba, ko a cusa cikin safa. Iyaye, in za a kai ɗinki, a ce wa tela ya yi mai kamun ƙafa, da yadi marar nauyi saboda zafi. Buje dai a bar shi sai ranar Juma'a. Wanda kuma murfin kacarsa ya cire, ya kai wa mai gyara ya mayar masa.