Shuka zogale daga ƙwaya

Zogale, wanda a kimiyyance ake kira Moringa oleifera, itace ne da ake shukawa a bayan gida ko jikin danga. Wasu na ce masa bagaruwar Makka, alhali asalinsa Indiya ne.

A Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo, kamar sauran ƙasar Kano, ana dasa reshensa, amma wanda aka shuka daga ƙwaya ya fi zurfin saiwa, don haka ya fi jure rani.

Ana jiƙa ƙwayar ta kwana, a binne ta zurfin santimita 2 da faɗuwar damina. Takan tsiro cikin mako 2. Ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, kuma sai an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ya kai mita 1 ana katse kansa don ya yi rassa, ganyen ya yawaita.