Gidan Gona: Inda Ma'aikacin Kaduna Kan Je Ya Sha Iska

Duk wanda ya bar Kaduna ta Kawo ya kama hanyar Zariya, ba zai yi nisa ba zai iso Rigachikun, a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. A yau da wuya baƙo ya gane inda Kaduna ta ƙare da inda Rigachikun ta soma, domin gidaje sun haɗe, ga filin kasuwar baje koli ta duniya, ga kuma hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa wadda aka kafa a 1976. Amma shekaru 50 da suka wuce ƙaramin gari ne mai tashar jirgin ƙasa, kuma da an wuce shi sai gonaki da rugagen Fulani har Maraban Jos da Birnin Yero da Jaji. A wannan shimfiɗar ƙasa ce ma'aikatan gwamnati da dama suka mallaki abin da ake kira gidan gona, watau wurin da mutum kan gudu ya ɓuya daga hayaniyar ofis da ta gari.

Gidan gona na asali ba wani ƙasaitaccen gini ba ne. Ɗaki biyu ne ko uku na ƙasa, da rufin kwano ko jinka, da rumfar kara a ƙofa, da rijiya, da rumbu, da turken awaki a gefe. Ba lantarki, ba famfo, sai randa da fitilar ƙwai. Ma'aikacin da ya yi mako guda yana fama da fayil da taron kwamiti da baƙin da ke neman alfarma, yakan iso ranar Juma'a da yamma, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa. Kafin magariba an kawo nono daga ruga an dama fura. Da dare babu abin da zai ji sai kukan gyare da haushin kare daga nesa, da asuba kuwa zabi da fakara ne za su tashe shi.

Masu gidajen gona sun fi son lokacin kaka zuwa tsakiyar hunturu. A sa'an nan an girbe dawa da masara, sauro ya ragu, hanya ta bushe, mota tana iya shiga ba tare da ta kafe ba. Yankin Kaduna dai ba hamada ba ne, gama ruwan da kan sauka a shekara yakan wuce milimita 1,000. To, amma daga Disamba zuwa Maris, idan ciyawa ta bushe, kuka ta kaɗe ganyenta, hazo ya rufe sararin sama har rana ta koma kamar faifai, sai mutum ya rantse a dajin Daura ko na Maraɗi yake. Wannan fili fetal, wanda ido kan yi tafiya a cikinsa ba abin da ya tare shi, shi ne maganin da mai zaman ofis ke nema, ko da bai san sunan ciwon ba.

Al'adar kuwa ta girmi aikin gwamnati. Sarakunan Kano suna da gidaje a Fanisau da Ɗorayi, inda sukan fita su huta kusa da gandayensu. Fanisau ma da fari ribaɗi ne, a can ne Bature matafiyi Kilafaton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, daga baya wurin ya zama na shaƙatawa. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a gonarsa ta Bauci yakan yi hutun shekara, har akwai shahararren hotonsa yana zaune a ƙasa yana shan rake tare da 'ya'yansa. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a 2025, an sha ganinsa a lokutan hutun salla yana zaga shanunsa a gonarsa ta Daura.

Abin da ya buɗe wa matsakaicin ma'aikaci wannan ƙofa shi ne shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, lokacin da aka yi kira ga kowa ya riƙi fartanya, har aka tura ɗaliban jami'o'i gonaki a dogon hutunsu. Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta biyo baya, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili har hekta 500 domin noma. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗora da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Bugu da ƙari, ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ta keɓe noma. Saboda haka gona ta zama wurin hutu, ta zama kuma jarin da doka ta halatta, da madogara bayan ritaya.

Sai dai ba kowa ne ya shiga ƙauye ta ƙofa ba. Akwai waɗanda suka gaida mai gari, suka ɗauki 'yan ƙodago daga cikin mutanen wurin suka biya su a kan kari, suka fitar da zakkar amfanin gona a nan inda aka noma shi, suka halarci suna da jana'iza. Akwai kuma waɗanda suka zo da takardar mallaka daga ofis, suka ja waya mai ƙaya, suka toshe burtali da hanyar rafi, suka ajiye maigadi, ba a ganinsu sai ranar kwasar hatsi. Manomin da kakanninsa suka sare dajin ya wayi gari yana aikin lada a ƙasar da ya taso yana nomawa. Irin wannan mai gona fili kawai ya samu, bai sami maƙwabta ba, alhali kuwa kwanan daji da maƙwabci ake yinsa. Shi ne mai sanin baƙuwar fuska, shi ne kuma zai aiko yaro ya ce yau kada a kwana.

Da rashin tsaro ya kunno kai, wannan bambanci ya fito fili, ko da yake masifar ba ta bar na kirki ba, kuma talakan ƙauye ya fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a cikin Igabin nan. A shekarar ce gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a Igabi da wasu ƙananan hukumomi. A watan Maris na 2022 aka kai hari filin jirgin sama na Kaduna, ranar 28 ga watan kuma aka tare jirgin ƙasa da ya taso daga Abuja. Mai mota da albashi ya zama abin farauta, gidajen gona da yawa aka sa musu kwaɗo, gara ta ci azara, rufi ya rufta. Wasu suka sayar da asara, masu yanka filaye suka mai da gonakin da ke kusa da titi fuloti.

An ɗan sami sauƙi bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, amma tsoro ba ya fita daga zuciya da saurin da ya shige ta. Babban ma'aikaci yana da hutun kwana 30 a shekara, kuma da yawa a cikin gari suke cinye shi, tsakanin zaman majalisa da biki da amsa waya, su koma ofis da gajiyar da suka fito da ita. 'Ya'yansu kuwa, wasu har sun shiga jami'a ba su iya bambanta dawa da gero a tsaye ba.

Waɗanda ba su saki gonakinsu ba sun sake tsari. Sukan fita da hantsi ranar Asabar a tsohuwar mota, ba tare da sun sanar da kowa ba sai amintaccensu na ƙauyen. Su zaga gona, su yi sallar azahar a ƙarƙashin rumfa, su ɗan kishingiɗa, a gasa musu masara idan lokacinta ne. La'asar na yi sai a naɗe tabarma, a sa buhu ɗaya ko biyu a bayan mota, a kama titi tun rana ba ta yi ja ba.