Ganye ɗaya, ƙamshi shida: abin da ke cikin man tayim na daji

Duk uwargidan da ta taɓa dafa jalof ta san tayim, busasshen ganyen nan da ake barbaɗawa tare da kori. A kanti ake ganinsa cikin ƙaramin gwangwani, amma asalinsa ɗan tsiron daji ne mai guntayen rassa, wanda da ƙyar yake kai gwiwar mutum. Yana fita da kansa a kan busassun duwatsun kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya, inda rana ke dukan ƙasa duk tsawon bazara. Wanda ya taka shi da takalmi, ƙamshin zai bi shi har gida.

Ƙamshin nan mai ne. Idan aka sa ganyen ƙarƙashin madubin likita, za a ga bayansa cike da wasu ƙananan ƙuraje masu sheƙi, kowanne ɗauke da ɗigon mai, kuma su ne ke fashewa idan aka murza ganyen tsakanin yatsu. Tsiron ba don hancin mutum yake tara man ba. Makaminsa ne: da shi yake korar ƙwari da dodon koɗi, yake sa akuya ta ɗanɗana ta wuce, yake kuma hana irin wasu ciyayi tsirowa a gindinsa.

Da tururi ake fitar da man. A zuba ganye a tukunya, tururi ya ratsa shi ya kwaso man, ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sai man ya taso sama a kwashe. Sana'ar tsohuwa ce, domin tun ƙarni na 9 wani masani, al-Kindi, ya rubuta littafi a Bagadaza a kan haɗa turare da tatsar ƙamshi. Abin da ake samu kaɗan ne: busasshen tayim kilo 100 ba ya ba da fiye da kilo 1 zuwa 2 da ɗoriya. Ke nan ƙaramar kwalba guda ta tattara ƙarfin ganye mai yawan gaske, kuma wannan shi ne abin da masu saye suka fi mancewa.

Sinadarin da ya fi suna a cikin man shi ne timol, wanda Bajamushe Caspar Neumann ya fara ware shi a 1719. Timol na son maiƙo, fatar ƙwayar bakteriya kuwa da maiƙo aka yi ta. Sai ya kutsa cikin fatar ya sassauta ta, abin da ke ciki ya riƙa tsiyayewa kamar salkar da ta huje, ƙwayar ta mutu. Shi ya sa timol yake cikin ruwan kurkure baki na Listerine, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1879. Masu kiwon zuma a Turai ma suna sa shi cikin amya don kashe wata ƙaramar kaska da ke halaka ƙudan zuma.

To amma ba kowane tayim ke da timol ba, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A farkon shekarun 1970, masu bincike a birnin Montpellier na Faransa suka bi tsaunukan yankin suna tsinkar ganye suna aunawa. Suka tarar da cewa tsiron da ido ke gani iri ɗaya ne, ganye ɗaya, fure ɗaya, ya kasu gida shida ta fuskar mai. Biyu masu zafi ne, na timol da na kabakurol, waɗanda ke ƙona harshe. Sauran huɗun masu laushi ne. Akwai mai linalol da ke ƙamshin fure, akwai mai jeraniyol da ke kama da wardi. Gado ne ke tsara wannan, iri daga iri.

Har wurin zama sun raba. A kwarin Saint-Martin-de-Londres, arewa da Montpellier, masu zafin sun mamaye gangaren duwatsu inda ake fari da zafin rana, domin sun fi jure ƙishi. Masu laushin kuwa sun riƙe ƙasan kwarin, inda iska mai sanyi ke kwantawa da hunturu har ta daskarar da komai, sanyin da ke kashe 'ya'yan masu zafin. Bayan fiye da shekara 30, wani mai bincike, John Thompson, da abokan aikinsa suka koma wuraren da aka auna tun farko, suka wallafa sakamakon a 2013: da yake hunturu mai tsanani ya ragu, masu timol da kabakurol sun fara gangarowa cikin kwarin da a da ba su iya rayuwa a cikinsa. Sauyin yanayi ya kai ga canza ƙamshin daji.

Wannan ba zancen Turai kaɗai ba ne. Daddoya mai manyan ganye, wadda ake dasawa a bayan ɗaki ana sha don ciwon ciki, ita ma haka take: wata timol ne ya yi mata yawa, wata kuma yujinol, sinadarin da ke sa kanumfari ya kwantar da ciwon haƙori. Mutum biyu za su iya rantsuwa cewa daddoya suka sha, alhali ba abu ɗaya ya shiga cikinsu ba. Saboda haka ne kamfanonin kirki a Turai suke rubuta irin sinadarin a jikin kwalba, ba sunan tsiron kaɗai ba.

Shin maganin da ake yi da irin waɗannan tsirrai yana ci? Yana ci a inda aka gwada shi da kyau, kuma wuraren ba su kai yawan da masu talla ke faɗa ba. Hukumomin magunguna a Jamus sun amince da ruwan tayim don tari da majinar ƙirji. A Ostareliya, wani gwaji na 1990 a kan mutum 124 ya nuna cewa man wani tsiro na can da ake kira tea tree, idan aka surka shi zuwa kashi 5 cikin 100, yana rage ƙurajen fuska, ko da yake ya fi maganin asibiti jinkiri. Amma kashe ƙwayar cuta a faranti cikin ɗakin gwaji daban, warkar da taifot ko ciwon suga a jikin mutum daban. Mai sayar da kwalba yana cewa tana maganin cuta arba'in, ya wuce abin da bincike ya tabbatar nesa ba kusa ba.

Haɗarin kuwa tabbatacce ne. Tsantsar man tayim mai timol tana ƙona fata da maƙogwaro, shi ya sa ake surka ɗigo kaɗan cikin man zaitun ko na kwakwa kafin a shafa. Man wintagirin, wanda ake sa sinadarinsa a man zafi na ciwon gaɓoɓi, ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai ƙwayar asfirin ta manya kusan 21, abin da ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Kafur da man itacen turare kan jawo wa yara jijjiga idan sun sha, don haka bai kamata a cusa man zafi a hancin jariri ba, balle a narka masa a ruwa wai don mura. Mace mai ciki ma ta nisanci shan kowane irin tsantsar mai.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa masa yatsa don ya yi amai, domin man na iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalbar domin likita ya ga abin da ya sha da yawan da ya rage.