Daga Zaure Zuwa Bakin Tasha: Tarihin Gidan Abinci A Achida

Garin Achida yana cikin ƙasar Wurno, a kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Goronyo. Kasuwarsa tana ci mako-mako, ta kuwa yi suna wajen hatsi da bisashe. Ran kasuwa za ka ga manoma da Fulani da dillalai da direbobi, daga Wurno da Rabah da Goronyo har da na nesa, kowa ya zo da hajarsa, kowa kuma ya zo da cikinsa. Masu ciyar da wannan taro ba kamfani ba ne. Iyali ne, watau uwa da 'ya'ya da jikoki, waɗanda suka gaji tukunya kamar yadda akan gaji gona. Ba za mu kama sunan gida guda ba, gama tarihin ɗaya kusan shi ne tarihin sauran.

Mafarin abin

Irin wannan sana'a daga cikin gida take farawa. Mace tana kulle, ba ta zuwa kasuwa, amma tana da turmi da tukunya da muciya. Sai ta sami ɗan jari, ko daga adashi, ko ta sayar da tunkiyarta, ta sa a auno mata gero ko dawa mudu biyu. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da kalwa, ko ta dama fura, ta aza wa ɗiyarta a kai ta nufi kasuwa. Maraice ya yi a zube kuɗi bisa tabarma a ƙidaya. Ribar tata ce, ba ta maigida ba, da ita kuma take tara wa ɗiyar kayan ɗaki.

Idan hannunta ya yi daɗi, masu saye su da kansu za su biyo sawun yarinyar har gida. Daga nan zaure ya zama wurin cin abinci. Da motoci suka yawaita, sai a kafa rumfar kara a bakin tasha, a sa benci guda da randar ruwa. Wadda ke zama a rumfar yawanci dattijuwa ce ko bazawara, tukunya kuwa tana can gida. Maigida shi ke awo da sayen nama, samari su ɗebo ruwa su faskara itace. Ashe ba a ankara ba, gida duka ya shiga sana'a.

Shekarun gwaji

Kwanon tuwo ma'auni ne na halin da gona ke ciki. A ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, sule guda ya zama kwabo 10. A wannan shekara kuma fari ya tsananta a ƙasashen Sahel har da arewacin ƙasar Sakkwato. Gero ya yi tsada, shanu suka mutu, nono ya yi wuya. Mai abinci ba ta iya ƙara kuɗi yadda ta ga dama, domin masu sayen maƙwabtanta ne. Abin da takan yi shi ne ta rage malmala, ta bar kuɗin yadda yake. Wadda ta ciyar da gida da jarinta a irin wannan shekara, da wuya tukunyarta ta sāke hawa murhu.

Bayan wuya aka sami ɗan sauƙi. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa kuɗi a hannun ma'aikata, aka kuma ƙirƙiro Jihar Sakkwato a cikin 1976. Malaman makaranta da leburori da direbobi suka zama masu ci kullum, ba sai ran kasuwa ba. A lokacin ne shinkafa, wadda a dā abincin salla da biki ce ga yawancin talakawa, ta soma zama abincin tasha, kwanon sha da langa suka ture akushi.

Ba a daɗe ba wahala ta komo. Ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a 1983, damina ta yi gardama a wannan shekara da ta bayanta, gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Gidajen da suka tsira su ne waɗanda ke da gona ko rumbu a bayan tukunya.

Ruwan Rima

Abin da ya fi sauya miyar Achida shi ne noman rani. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992. Da ƙananan injinan ban ruwa suka bazu cikin fadamu, albasa da tafarnuwa da tumatir da attarugu da shinkafa suka yawaita a ƙasar Wurno da Goronyo. Miyar dage-dage ta samu a kusa, motocin albasa masu zuwa kudu kuma suka kawo sababbin masu ci. Saurayin da dā zai tafi cin rani ya zauna gida, ya sami abin sayen kwano. Mai abinci ta saya wurin manomi, manomi ya ci wurinta, kuɗin bai bar gari ba.

Amma gulbin da ya ba da shi ya kan karɓe. A watan Satumba 2010 ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, mai abinci kuma ta ji a jikinta kamar yadda manomi ya ji.

Abin da ya fi fari da ambaliya muni shi ne rashin zaman lafiya. A ran 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane fiye da 40. Ƙauyuka da yawa a gabashin jihar sun watse. Kasuwa ba ta cika sai hanya ta yi kyau, tukunya kuma ba ta ƙarewa sai kasuwa ta cika. Daɗin daɗawa, ƙarancin takardun kuɗi da janye tallafin man fetur a 2023 suka ƙara nauyi, har jikokin mai tuwo suka koyi karɓar kuɗi ta wayar hannu.

Wa ya ɗauki nauyin?

Akwai magana guda wadda bai kamata a ɓoye ba. Mafi yawan wahalar gina waɗannan gidaje a kan 'yan mata ta sauka. Sa'ad da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a watan Satumba 1976, iyaye mata da yawa suka ga cewa sa yarinya makaranta daidai yake da kife tukunya, tun da yake ita ce ƙafar uwarta a kasuwa. Ba mugunta ba ce, lissafin talauci ne. Amma gidan da ya bar ɗiya guda ta yi karatu, shi ne daga baya ya sami mai rubuta bashi da mai sanin riba. Yarinyar da ke yawon talla cikin tasha har dare kuwa, kowa ya san hatsarin da take ciki.

Darasi ga mai son farawa

Na fari, a raba jari da cefanen gida. Ko a gwangwani biyu ne, kada kuɗin su haɗu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Na biyu, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuwa za a hana maƙwabci kwano ba. Amma a rubuta shi, a kuma sa masa iyaka.

Na uku, a yi awo da kaka sa'ad da hatsi ke araha, a adana shi inda ƙwari da laima ba za su kai ba.

Na huɗu, tsabta. Tun da cutar amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan a 1971 ba ta daina komowa ba. A rufe randa, a keɓe mata moɗa guda, a ajiye buta da sabulu don wanke hannu maimakon kowa ya tsoma a kwano ɗaya, a rufe abinci saboda ƙuda.

Na biyar, murhun laka mai kewaye ya fi na duwatsu uku tsimin itace, ya kuma rage hayaƙin da ke ɓata idon mai girki.

Na ƙarshe, a bar abinci a rumfa, babba ya tsare shi, yara su tafi makaranta, su taimaka bayan an tashi. Kaka ta kafa gidan da muciya. Idan ana son ya kai ga tattaɓa-kunne, lalle sai jika ta haɗa muciyar da alƙalami.