Yadda Ake Gyaran Tsohon Jirgin Ruwa na Faiba a Gida

 

Yau zancenmu a kan jirgin ruwa yake. Na san wani zai yi dariya, ya ce: "Malam, mu mutanen Mallawa ina mu ina jirgi? Kogin Kwara yana can yamma, tabkin Cadi yana can gabas." Gaskiya ne. Amma ku tuna da damanar 2024. Ruwa ya yi yawa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba. Tabkuna suka cika suka batse, suka raba mutane da gonakinsu. Ban da haka, a jaharmu akwai tabkunan da ake su a cikinsu, kamar na Gidimuni da na Lasuri. Inda ruwa ya kwanta kuwa, jirgi yana da aiki.

A cibiyar da nake koyarwa akwai wani dattijo masunci. Ya daɗe yana su a tabkin Cadi. A shekarar 2015, da hukuma ta ce mutane su bar tsibiran tabkin saboda rashin zaman lafiya, ya komo gida. Daga baya ya samu aka kawo masa ƙaramin jirginsa na faiba a bayan mota. Jirgin ya fashe a ciki, sai ya ajiye shi gindin bedi, awaki suna cin dusa a ciki. Ni da shi da ƴaƴansa biyu muka gyara shi da rani. Abin da muka yi shi ne zan faɗa muku yau, daki-daki.

MENE NE FAIBA?

Faiba abu biyu ne aka haɗa. Na ɗaya zaren gilashi ne, siriri, ya fi gashin kai sirantaka. Ana shimfiɗa shi ya zama kamar tabarma fara. Na biyu wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, ana ce masa rezin. Idan aka jiƙa tabarmar da rezin, aka bari ta daskare, sai ta yi ƙarfi ƙwarai. Kamar ginin ƙasa ne: laka kaɗai takan tsage, amma in an cuɗa ta da ramno sai ta riƙe.

A Amurka aka soma wannan sana'a. An kafa kamfanin Owens-Corning mai yin zaren gilashi a 1938, kuma cikin shekarun 1940 aka fara yin jiragen ruwa da shi.

Faiba ba ya ruɓewa kamar katako. Gara ba ta cin sa. Ba ya tsatsa kamar ƙarfe. Shi ya sa jirgin da ya shekara goma a yashe yana iya komawa ruwa. Ga kuma wata riba: kowane jirgin da aka gyara, an bar wa daji babban itace guda, irin su maɗaci, wanda da an sare don sassaƙa kwale-kwale.

Amma faiba yana da aibi ɗaya babba, ku riƙe shi da kyau. Ya fi ruwa nauyi. Kwale-kwalen katako in ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, mutum ya samu abin riƙewa. Jirgin faiba in ya cika, ƙasa zai yi, sai fa in an sa masa abin da zai ɗaga shi. Za mu komo kan wannan.

AIKI NA ƊAYA: WANKI DA SHANYA

Ka wanke jirgin ciki da waje da ruwa da sabulu. Ka fid da laka da maiƙo duka. Sa'an nan ka kife shi a kan itatuwa biyu, a inuwa, inda iska take ratsawa. Ka bar shi ya yi makonni yana bushewa. Rezin ba ya kama wuri mai laima, ba ya kama wuri mai maiƙo. Yawancin facin da yake ɓamɓarewa, daga nan ne aka yi kuskure.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, a watan Disamba da Janairu. Iska a bushe take, zafi bai yi yawa ba, aikin gona kuma ya yi sauƙi. Sai dai ka kewaye wurin da zana saboda ƙurar hunturu.

AIKI NA BIYU: BINCIKE

Ka ɗauki kuɗin ƙarfe, ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya za ka ji ƙara tsaf, kamar sabuwar tukunya. Inda ya lalace za ka ji ƙarar ta mutu, kamar fasasshiyar ƙwarya. Ka zagaye wurin da gawayi ko alli.

Ka shiga ƙarƙashinsa da rana, ka duba inda haske yake shigowa. Ka duba katakon baki da na wurin zama da na baya. Faiba ba ya ruɓewa, amma katakon da ke jikinsa yana ruɓewa. Ka soka ƙusa. In ta shige da sauƙi, sai a sake katako.

Ba kowane jirgi ke gyaruwa ba. In ka taka cikinsa ka ji ko'ina yana lotsawa, ko tsaga ta bi tsawon gindinsa daga gaba har baya, ka haƙura. Ka bar wa awaki abinsu. Kuɗinka da ranka sun fi shi.

KAYAN AIKI

Ga abin da za ka nema wajen masu sayar da fenti, ko masu gyaran jikin mota, a Damagaram ko a Kano:

1. Rezin.
2. Maganin daskarewa. Ruwa ne kamar ruwan sha, a ƙaramar kwalba.
3. Tabarmar zaren gilashi. Akwai mai lamba 300 da mai lamba 450. Lambar tana nufin nauyin mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, a giram.
4. Samfefa mai kaushi da mai laushi.
5. Asiton, na goge wuri da wanke buroshi.
6. Buroshi, almakashi, gwangwani, da sabon sirinji marar allura.
7. Safar hannu, tabarau, da takunkumin hanci.

Kada ka sayi rezin da yawa ka ajiye. Bayan ƴan watanni yakan yi kauri ya lalace, balle a wuri mai zafi. In ka ga ya yi gudaji, kada ka karɓa.

AIKI NA UKU: GUGA

Ka yanke duk wurin da ya ruguje, har ka kai ga mai lafiya. Kada ka ji tsoron ramin ya ƙara girma. Sa'an nan, daga cikin jirgin, ka goge bakin ramin da samfefa mai kaushi. Ya zama gangare a hankali, kamar bakin tabki, ba kamar bakin rijiya ba.

Faɗin gangaren fa? Ga lissafi. Ka auna kaurin jikin jirgin, ka ninka sau 12. In kaurin milimita 5 ne, 5 sau 12 ya zama 60. Milimita 60 kuwa santimita 6 ke nan. To, ka goge santimita 6 kewaye da ramin. Wannan faɗin shi ne zai ba faci wurin kamawa.

In ka gama, ka share ƙurar, ka goge wurin da asiton a tsumma mai tsabta. Kada ka goge da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo. Daga nan kada ka ƙara taɓa wurin da hannu.

AIKI NA HUƊU: FACI

Ka naɗe kwali da leda, ka manna shi a bayan ramin daga waje. Rezin ba ya kama leda, saboda haka daga baya za ka cire shi ba wuya.

Ka yanka tabarmar gida-gida tun kafin ka buɗe rezin. Ta farko ta rufe gangaren duka. Ta biyu ta ɗan kasa ta farko, ta uku ta ɗan kasa ta biyu. Tabarma mai lamba 450, kowace shimfiɗa takan ba da kaurin kamar milimita 1. Jirgi mai kaurin milimita 5 ke nan yana son shimfiɗa biyar.

Yanzu sai haɗi, kuma nan ne karatunku zai yi muku rana. Kowane kashi 100 na rezin yana son kashi 1 zuwa 2 na maganin daskarewa. Wato lita 1 ta rezin, mililita 10 zuwa 20 na magani. Amma kada ka haɗa lita guda gaba ɗaya. Ka haɗa rubu'in lita, wato mililita 250. In akwai zafi ka sa magani mililita 3. In safiya ce mai sanyi ka sa mililita 5. Ka karanta lambobin da ke jikin sirinji, kada ka auna da ido. In an rubuta wani awo a jikin gwangwanin rezin, ka bi shi.

In magani ya yi kaɗan, facin zai kwana yana danƙo. In ya yi yawa, zai daskare a gwangwani tun ba ka shafa ba, abin da ka shafa kuma ya yi gautsi. Ka motsa da tsinke sosai. Daga nan kana da kamar minti 15 kafin ya soma kamawa.

Ka shafa rezin a wurin. Ka ɗora babbar tabarma. Ka dinga danna ta da bakin buroshi, kada ka ja kamar mai fenti. Tabarma fara ce. In ta sha rezin sai farin ya ɓace, ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Duk inda ka ga fari, to iska ce ko bushewa, ka danna har ya ɓace. Sa'an nan ka ɗora ta biyu, ka ɗora ta uku.

Ka tsaya a uku. Rezin yana yin zafi in yana daskarewa, shimfiɗa da yawa lokaci guda tana ɓata aiki. In ya daskare ya huce, ka ɗan goge da samfefa, ka ƙara sauran biyun. Washegari ka cire kwalin, ka goge waje, ka rufe shi da shimfiɗa ɗaya. In ta bushe ka lallashe ta da samfefa mai laushi, ka shafa fenti. Fenti ba ado kaɗai ba ne, yana kare rezin daga rana.

KA KULA DA LAFIYARKA

Maganin daskarewa yana makantarwa. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi likita nan da nan. Ka ɓoye kwalbar inda yaro ba ya kaiwa, don kama take da ruwan sha.

Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu. Ka sa takunkumi da riga mai dogon hannu. Warin rezin yana sa jiri, saboda haka a fili ake aikin, ba cikin ɗaki ba. Rezin da asiton suna kama wuta. Ban da taba, ban da kusa da murhu. Ragowar haɗin da ke cikin gwangwani takan yi zafi har ta yi hayaƙi. Ka ajiye ta kan yashi, nesa da zana da rumbu.

AIKI NA BIYAR: GWAJI

Ka bar facin ya yi kwanaki. Sa'an nan ka ɗora jirgin a kan itatuwa, ka zuba ruwa kaɗan ya rufe facin, ka leƙa ƙarƙashi. In ba ɗigo, sai a kai shi bakin tabki, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ka loda masa buhunan yashi, ka bar shi ya wuni. Yashi ake fara ɗorawa, ba ƴaƴan mutane ba.

Yanzu mu koma kan aibin da na faɗa. Jarka mai lita 20, in ba komai a ciki kuma an rufe bakinta gam, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa. Ka ɗaure irinsu da igiya mai ƙarfi a gaba, da baya, da ƙarƙashin wurin zama. Ka gwada a wuri marar zurfi: ka cika jirgin da ruwa, ka gani ko zai tsaya a sama. In ya nutse, ka ƙara jarka.

Abu na ƙarshe, ka ja layi da jan fenti a jikin jirgin daga waje, taƙi guda ko fiye daga bakinsa. In ruwa ya kai layin, lodi ya isa. Ko wane ne ya zo, ya jira sawu na biyu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a Bagwai ta jihar Kano, wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara ƴan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Faci yana hana yoyo, amma ba ya ƙara wa jirgi ƙarfin ɗaukar kaya.

Wanda kuma zai yi su da jirginsa, ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji don takardar izinin kamun kifi.

Dattijon nan namu, da ruwa ya sauka, shi ya riƙa ƙetarar da maƙwabta zuwa gona. Da kansa ya rubuta lamba 4 a gaban jirgin, wato mutum huɗu ban da ƙari. Ya ce mini wannan ce lamba ta farko da ya rubuta ba a kan allo ba.

TAMBAYOYI DON CIBIYA

1. Me ya sa ake shanya jirgi kafin a yi masa faci?
2. Jirgi mai kaurin milimita 4, santimita nawa za a goge kewaye da ramin?
3. Me ya sa ake ɗaura wa jirgin faiba jarka?
4. A garinku, wa ke da ikon cewa lodi ya isa?

Ku tattauna, ku rubuta amsa da hannunku, ku ba malaminku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.