YADDA AKE GANO KUSKURE A JADAWALIN LISSAFI NA KWAMFUTA

Jama'a da yawa a ƙasar nan sun bar rubuta lissafin kasuwancinsu a babban littafi irin na akawu, sun koma ga jadawalin lissafi na kwamfuta, watau irin su Excel da Google Sheets. Wanda ya zaga Kasuwar Wunti a cikin birnin Bauchi, da shagunan buga takardu da ke kewaye da ita, zai tarar da 'yan kasuwa da ma'ajin ƙungiyoyi suna ajiye lissafin kaya da na bashi da na adashi a cikin wannan jadawali, waɗansu a kwamfuta, waɗansu a wayar hannu. Wannan ci gaba ne mai kyau. Amma lalle ne kowa ya sani, na'ura ba ta yin lissafi sai yadda aka umurce ta. In umurnin ya karkace, amsar ma za ta karkace, kuma sau da yawa a kan wannan ne ake zargin yaron shago ko ma'aji da cin amana alhali bai taɓa ko kwabo ba.

Yadda jadawalin yake

An fara sayar da irin wannan jadawali a Amurka a shekarar 1979, da sunan VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka tsara. Excel kuwa ya fito a 1985. Tsarinsu duka ɗaya ne. Shafin a rarrabe yake gida-gida. Jerin gidajen da ke tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan da ke kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Saboda haka kowane gida da sunansa, kamar B2 ko D5. Umurnin da ake rubutawa a cikin gida don na'ura ta yi lissafi shi ake kira fomula, kuma kullum da alamar = yake farawa.

A ɗauka ga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a Wunti. Farashin da ke tafe don misali ne kawai. A layi na 2 ya rubuta shinkafa buhu 12 a kan Naira 70,000. Layi na 3 masara buhu 20 a kan Naira 45,000. Layi na 4 wake buhu 8 a kan Naira 90,000. Layi na 5 gero buhu 10 a kan Naira 50,000. Yawan buhuna yana jerin B, farashi yana jerin C. A gidan D2 sai ya rubuta =B2*C2, na'ura ta ba shi 840,000. Haka zai yi har zuwa D5, sa'an nan ya tara duka da =SUM(D2:D5), jimla ta zama Naira 2,960,000.

Kurakuran da na'ura ke sanarwa

Akwai kurakuran da jadawali ke nunawa da kansa ta wajen fito da wata alama a maimakon amsa. Kowace alama da abin da take nufi.

1. #VALUE! Ma'anarta an sa kalma a inda ake bukatar lamba. In mai hatsin nan ya rubuta "buhu 12" a gidan B2 maimakon 12 kaɗai, wannan alama za ta fito a D2. Magani shi ne a bar lamba ita kaɗai a gidanta, bayani kuma ya tafi wani gida dabam.

2. #DIV/0! An nemi a raba kuɗi da sifiri, ko da gidan da ba a rubuta kome a cikinsa ba. Sai a duba gidan da ake rabawa da shi.

3. #REF! An share gida ko layin da fomula ta dogara da shi. In a nan take aka lura, sai a danna Ctrl da Z don a mayar da abin da aka share.

4. #NAME? An yi kuskuren rubuta sunan umurni, kamar a rubuta SAM a wurin SUM.

5. #N/A An aiki fomula neman suna a cikin jeri ba ta same shi ba. Yawanci bambancin rubutu ne: a nan an rubuta Abdullahi, a can Abdulahi, ko kuwa an bar fili a ƙarshen sunan wanda ido ba ya gani.

6. ##### Galibi wannan ba kuskuren lissafi ba ne. Gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, sai a faɗaɗa shi.

Har wa yau na'ura takan yi gargaɗi in fomula ta haɗa da gidan da ita kanta take ciki, kamar a rubuta =SUM(D2:D6) a gidan D6. Sai a gyara iyakar ta tsaya a D5.

Kurakuran da ba su da alama

Waɗannan su ne mafiya haɗari, domin amsa takan fito sumul kamar ba abin da ya faru. Na farko shi ne taƙaita iyaka. Da mai hatsi ya rubuta =SUM(D2:D4), da gero ya fita daga lissafi, jimla ta zama 2,460,000, watau Naira 500,000 sun ɓace a kan takarda ko da yake buhunan suna nan a rumbu.

Na biyu shi ne lambar da na'ura ta ɗauka kalma ce. Wanda ya rubuta N840,000 da harafin N a gabanta ya mai da ita kalma, SUM kuwa za ta tsallake ta ba tare da gargaɗi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: lamba takan jingina da hannun dama na gida, kalma kuma da hannun hagu.

Na uku yakan auku wajen jawo fomula zuwa ƙasa. In ladan dillali yana gidan F1, aka rubuta =D2*F1, aka jawo ta, layi na gaba zai koma =D3*F2, F2 kuwa ba kome a cikinsa, sai amsa ta fito sifiri. Magani shi ne a kafe gidan da alamar dala, a rubuta $F$1.

Na huɗu shi ne binne lamba a cikin fomula. Ran 1 ga Fabrairu 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. Duk wanda ya rubuta 5% a cikin fomuloli ɗari, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda kuma ya mance da guda ya ci gaba da lissafi a kan tsohon ƙa'ida. Wanda ya keɓe wa harajin gida guda kuwa, wuri ɗaya kaɗai ya gyara.

Kada a zaci ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke samu. A 2010 waɗansu shaihunan malamai biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa bincike a kan bashin ƙasashe wanda gwamnatoci suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya gano cewa, daga cikin matsalolin binciken, fomularsu ta bar ƙasashe biyar a waje. Haka kuma a watan Oktoba 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta sanar da cewa sakamakon gwajin cutar korona na mutum 15,841 ya fita daga ƙidaya, saboda an yi amfani da tsohon samfurin jadawali wanda ba ya wuce layi 65,536.

Matakan bincike

In lissafi bai daidaita ba, kafin a tuhumi kowa, ya kamata a bi waɗannan matakai. Da fari a ajiye kwafin jadawalin, a yi gyara a kan kwafin. Sa'an nan a danna gidan da ake shakka, a danna F2, na'ura za ta zagaye gidajen da fomular ke ɗauko lamba daga gare su da launi, ido ya ga ko an bar wani a waje. In alamar kuskure ta bazu a gidaje da yawa, a nemi gidan da ta fara fitowa, gama sauran gado suka yi daga gare shi. Bayan haka a ɗauki layi biyu ko uku a lissafa su da biro da takarda, a gwada da amsar na'ura. A ƙarshe a gwada jimlar da abin da ke hannu, watau kuɗin aljihun tebur, da rasiɗai, da buhunan da ke rumbu.

Akwai umurnin da ake kira IFERROR wanda ke ɓoye alamar kuskure ya sa sifiri ko fili a wurinta. Ba a so a yi amfani da shi sai an san dalilin kuskuren, domin ɓoye alama bai kawar da ɓarnar ba.

Ana kira ga 'yan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, da ma'aikatan ofisoshi, su mai da shi al'ada cewa duk lissafin da ya shafi dukiyar jama'a, ko albashi, ko fitar da zakka, ko rabon gado, mutum na biyu ya duba fomulolinsa kafin a sa hannu. Rigakafi ya fi magani.