Da'ira ko Sanduna: Wane Zane Ya Dace da Alƙalumanka?

Ɗalibin sakandare a Masama, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, ba sai ya je nesa ba kafin ya samu misalin bayanan da ake kasawa rukuni-rukuni. Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga Sakkwato a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 a ƙarƙashin masarautu huɗu. Masarautar Gwandu na da 10, ciki har da Kalgo, Jega da Birnin Kebbi, Argungu 4, Zuru 4, Yawuri 3. Sunan masarauta ba ya taruwa, ba ya rabuwa. Abin da mai ƙididdiga ke yi shi ne ya ƙirga nawa ne suka faɗa cikin kowane rukuni, sannan ya zana.

Idan tambayar ita ce kason kowa daga cikin jimilla, zanen da'ira ya fi dacewa. Da'ira digiri 360 ce, sai a yanka ta kamar kankana. A raba 10 da 21, a ninka da 360, Gwandu za ta samu kusan digiri 171, wato kashi 48 cikin ɗari. Argungu da Zuru kowace digiri 69, Yawuri 51. Kallo ɗaya ya isa mutum ya gane cewa Gwandu ta kusa kwashe rabi.

Amma ido ba ya iya auna kusurwa yadda yake auna tsawo. Bambancin Zuru da Yawuri ba ya fitowa sosai a da'ira, alhali in aka jera sanduna huɗu a kan layi ɗaya, nan take za a ga wadda ta gaza. William Playfair, ɗan Sikotland, shi ya fito da zanen sanduna a 1786, ya biyo da na da'ira a 1801, kuma har yau sandunan sun fi amfani wajen kwatanta rukuni da rukuni. Sharaɗinsu ɗaya: ma'auni ya faro daga sifili. In aka faro daga 2, sandar Zuru za ta ninka ta Yawuri, alhali tazararsu hukuma guda ce.

Da'ira kuwa tana da tarko. A ce malami ya tura ɗalibai su tambayi manoman Masama abin da suke nomawa. Manomi ɗaya zai ce gero, ya ce dawa, da rani kuma ya ƙara da albasa. Tunda ya shiga rukuni uku, jimilla za ta zarce ɗari bisa ɗari, da'irar kuma ta zama ƙarya. A nan sanduna kawai za su yi.

Don haka kafin ɗalibi ya ɗauki ma'aunin kusurwa a jarrabawar WAEC ko NECO, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya danna kwamfuta, ya fara tantance abu biyu: ko kowane abin da aka ƙirga rukuninsa ɗaya ne tak, da kuma ko kaso ake son nunawa ko bambanci.